Tambayi Likita: Ga kwamfuta a kowane tebur, amma kullum sai an buɗe min sabon kati

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Masu tambayoyin olsa da basir ku yi min haƙuri zuwa fitowa ta gaba, naku dama ba ya ƙarewa. Wannan karon saƙonni ne suka taru a kan abu ɗaya, wato kati da fayil da wannan kwamfutar da yanzu ta cika teburan asibitoci, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa. Na rage tsawon wasu saƙonnin, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam likita. Yarona ɗan shekara tara sikila ne, tun yana jariri asibiti ɗaya muke zuwa a nan garinmu kuma yanzu sun daina fayil na takarda komai a kwamfuta suke rubutawa. Watan jiya mun je biki Kano ciwon ya tashi cikin dare muka kai shi wani babban asibiti, su ma kwamfuta ce a gabansu amma wallahi kamar ranar aka haife shi, sabon kati sabon gwaji har jinotayif sai da aka sake kuma duk kuɗi muka biya, likitan yana ta tambayata wai jininsa nawa yake zama in yana lafiya ni kuma ban sani ba. To wai ina amfanin kwamfutar in ba za su iya ganin bayanansa ba?
Daga wata uwa, Gusau

AMSA: Wa alaikis salam maman yaro, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya, don sai wanda ya taɓa kwana a zaune da mai sikila ya san abin da ake nufi.

Bari in fara da tambayar da likitan nan ya dame ki da ita, ba don ya wahalar da ke ya yi ba. Mai sikila dama jininsa a ƙasa yake zama, da yawansu himogulobin ɗinsu, wato awon yawan jini, tsakanin 6 da 9 yake yawo kuma suna wasansu lafiya lau. To in na gwada yaro na ga 6.5 ban san me zan ce ba sai na san inda ya saba zama. In dama a 7 yake zama to da sauƙi, in kuwa ɗan 9 ne ya faɗo 6.5 cikin kwana biyu to magana ta girma, jinin yana tafiya wani wuri, ko saifa ce ta tara shi ko maleriya ce ke farfasa shi, kuma a nan ne ake yanke shawarar ƙarin jini ko a dakata. Wannan lambar tana nan kwance a kwamfutar asibitinku na gida tana sharar barci a daren da ake nemanta ruwa a jallo a Kano.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne sa kwamfuta a asibiti daban, haɗa asibitoci su riƙa magana da juna daban. Ki tambayi manya yadda banki yake a da, mutum da ɗan littafinsa na ajiya, in a reshen Gusau ya buɗe to Gusau zai koma ya ciri kuɗinsa. Yau kina zaune a ɗaki ki yi tiransifa daga wannan banki zuwa wancan kafin ki ajiye waya alat ya shiga, ba don duk bankunan manhaja ɗaya suke amfani da ita ba, a'a, akwai NIBSS a tsakiya da ke sada su, akwai kuma BVN da aka fito da ita a 2014 wadda ke tabbatar da cewa ke ɗin dai ke ce ko a wane banki. To mu a asibiti har yanzu a zamanin ɗan littafin nan muke, littafin ne kawai ya koma cikin kwamfuta. Asibitin koyarwa na tarayya ne ya sayi tasa manhajar, babban asibitin jiha ya sayi tasa daga wani kamfani, ƙaramin asibitin unguwa yana kan rijista ta takarda, na kuɗi kuma kowa da kiɗinsa da rawarsa, wani ma ba ya so bayananki su fita don kada ki canza asibiti.

Amma ni a wajena babbar matsalar ba ta waya ko intanet ba ce, matsalar ita ce wane ne wane. Lokacin da nake horon shekara ɗaya bayan gama karatu an taɓa aikena ɗakin kati in nemo fayil ɗin wata mata da aka kawo tana zubar da jini. Ɗaki ne kanta har rufi, fayil-fayil an ɗaure su dami-dami da igiya, ƙura kamar rumbun da aka shekara ba a buɗe ba, ga wani dattijo mai kula da wurin da tabarau a kan karan hanci. Na ce masa Baba, Aisha Muhammad nake nema. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce wacce daga ciki? Kafin minti goma ya jibge min fayil bakwai a gabana, ya ce in waɗannan ba su yi ba akwai wasu a sama. Daga baya muka gano biyu daga cikin bakwai ɗin nata ne ita kaɗai, ɗaya da sunan mahaifinta tun tana budurwa, ɗaya da sunan mijinta. Yanzu ki ɗauki wannan ki zuba a kwamfuta. Aisha, A'isha, Aishatu, Ayshat, a gida kuma Indo. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Moh'd. Yau mutum ya ba da sunan uba, gobe na kaka, jibi sunan garinsu. Ranar haihuwa kuwa rabin layin 1 ga Janairu aka haife su. Kwamfuta ba ta da wayon dattijon nan, abin da aka buga mata shi ta sani.

Sai kuma aron kati, wanda kowa ya san ana yi. Mace ta ɗauki katin yayarta ko na kishiyarta don kada ta biya kuɗin sabo, a rubuta mata rukunin jini da hawan jini da ɓari a fayil ɗin wata. A zamanin takarda ɓarnar a asibiti ɗaya take tsayawa, ranar da aka haɗa asibitoci kuwa wannan kuskuren zai bi mai katin duk inda ta je a ƙasar nan. Don Allah a daina. Mafita dai ita ce lamba ɗaya ga mutum ɗaya, kuma NIN mai lamba 11 ita ce kowa ke hange, sai dai jariri da aka haifa yau ba shi da ita, wanda aka kwaso daga hatsari a sume ma ba za a tsaya tambayarsa ba, dole tsarin ya san yadda zai yi da su ba tare da an kori kowa ba. Shirin masu karɓar maganin HIV a Najeriya ya daɗe da komawa ɗaukar zanen yatsa saboda irin wannan, don mutum ɗaya kan yi rijista a wuri biyu ko uku da suna daban-daban.

Maganar gwaji kuma in raba miki biyu. Awon yawan jini da gwajin dacewar jini kafin a ƙara masa, waɗannan ko a asibitinku na gida sai an sake, ba cuta ba ce. Jinotayif kuwa ba ya canzawa, sake shi asarar kuɗi ce, kuma ma in an yi wa yaro ƙarin jini kwanan nan gwajin kan iya nuna AS alhali SS ne, kin ga an biya kuɗi an sayo ruɗani.

TAMBAYA: Lokotoro ina gaishe ka, ina lahiya. Ni ɗan kasuwa ne ina da ciwon suga, rabin wata ina Maraɗi rabi ina Katsina da Kano. In na kai takardun gwajin da aka yi mini a nan ga likitocin Najeriya sai su yi ta juya su kamar ba su gane ba, in na kawo nasu nan ma haka. Shin ba abin da za a yi bayanan su zama ɗaya?
Daga wani Alhaji, Maraɗi

AMSA: Lafiya lau Alhaji, ya kasuwa, ya hanyar Jibiya. Wannan tambayar taka ta fi yadda ka ɗauke ta nauyi, kuma ba Faransanci da Ingilishi ne kaɗai matsalar ba, ma'aunin kansa ya bambanta. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ana yawan rubuta sugan jini da giram a cikin lita, mu kuma a nan ko dai miligiram ko milimol. Iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon suga in an gwada shi kafin ya karya, a takardarku 1,26 za ka gani, a wata na'urar 126, a wata kuma 7.0, kuma duk abu ɗaya ne. To ka zo da takarda an rubuta 2,5 babu ma'auni a gefe ko an rubuta bai fito ba. A lissafin Maraɗi suganka ya hau sosai, 250 ke nan, kusan 14 a milimol. Wanda ya saba da milimol kuwa in ya ga 2.5 abin da zai faɗo masa shi ne suga ya faɗi ƙasa warwas a nemo abu mai zaƙi. Ka ga mudun Maraɗi da mudun Kano in ba a faɗi wanne ba ne ai ciniki bai ƙullu ba.

Haka sunayen magani. Doliprane a can, Panadol a nan, duk parasitamol ne, mutum sai ya haɗa biyun yana sha yana ganin magani biyu yake sha, hanta ce ke ji a jikinta.

Abin da masana suka yi a kan wannan shi ne suka fito da ƙa'ida ta yadda za a tsara bayani kafin a tura shi. Wadda ta fi tashe yanzu ana ce mata FHIR, wata ƙungiya mai suna HL7 ce ta fitar da ita, kuma abin da take cewa a taƙaice shi ne duk sakamakon gwaji in zai tashi daga wata kwamfuta zuwa wata to ya tafi da lambar da ke nuna wane gwaji ne, da ma'auninsa, da ranar da aka yi, da na wane ne. Cututtuka ma suna da lambobinsu na Hukumar Lafiya ta Duniya, kundin da ake kira ICD, wanda na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, ta yadda ko da wane yare likita ya yi karatu lambar ciwon ɗaya ce. Kuma an gwada tsakanin ƙasashe ya yi, tun Janairun 2019 mutumin Finlan da likitansa ya rubuta wa magani a kwamfuta yana iya tsallakawa Istoniya ya karɓa a kantin magani, ga shi yarensu ba ɗaya ba. Mu da muke yare ɗaya da auratayya, mutanenmu na zuwa asibitocin Galmi da Maraɗi a Nijar, naku na zuwa Katsina da Kano da Sakkwato, ai mu muka fi su buƙata. Kafin a kai can Alhaji, duk gwajin da aka yi maka ka tsaya ka ce a rubuta ma'aunin a gefen lambar, kuma ka riƙa yawo da kwalayen magungunanka ba ƙwayoyin a leda ba.

TAMBAYA: Likita don Allah ka ɓoye sunana. Akwai wata lalura da nake karɓar magani a kanta wadda ko mahaifiyata ba ta sani ba, takanas nake hawa mota in tafi wani gari saboda ƙanin mijina yana aiki a asibitin garinmu. Yanzu na ji ana cewa za a haɗa asibitoci duka a kwamfuta, wallahi tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Kenan yana zaune zai buga sunana ya ga komai?
Daga wata baiwar Allah

AMSA: 'Yar uwa na ɓoye, har garin ma ban faɗa ba. Kuma ba zan ce miki ki kwantar da hankalinki babu komai ba, don tsoronki yana kan hanya, duk mai tallan haɗa asibitoci da bai da amsar tambayarki to bai gama aikinsa ba.

A doka dai kina da kariya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari, kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya shiga bayanan da ba huruminsa ba. Sai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta ba ki damar neman kwafin abin da aka ajiye a kanki da neman a gyara in akwai kuskure, kuma akwai hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, da ake kai wa ƙara. Wannan a takarda ke nan.

A aikace kuwa abu biyu ne ke kare mutum. Na farko kowane ma'aikaci ya ga iya abin da aikinsa ke buƙata, mai karɓar kuɗi ya ga kuɗi, mai ba da kati ya ga suna da lamba, ba kowa ya ga komai ba. Na biyu, wanda ni na fi ba shi muhimmanci, duk wanda ya buɗe fayil sawunsa ya fito. A Istoniya, 'yar ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 1.3 da 'yan kai ba, tun 2008 suka haɗa bayanan lafiyarsu wuri guda, kuma mara lafiya da kansa yana shiga ya ga sunan duk wanda ya leƙa fayil ɗinsa da ranar da ya leƙa, yana ma iya kulle wani sashe ya ce ban yarda a gani ba. A nan kam kwamfuta ta fi takarda, don fayil na takarda ƙanin mijinki zai iya zarewa ya karanta tsaf ya mayar babu wanda ya sani, takarda ba ta da baki.

Sai dai fa duk wannan yana rushewa da ɗabi'a ɗaya da na gani da idona a wani wuri da na yi aiki, fasawod ɗin shiga an rubuta shi a 'yar takarda an manna a jikin allon kwamfutar, nas da likita da ɗalibi da mai shara duk da sunan mutum ɗaya suke shiga, shi kuma mai sunan ya yi wata uku da barin aiki. In aka yi ɓarna wa za a kama? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓarayin intanet ma suna nan, kuma ba su bar manya ba. A 2018 an sace bayanan mutum miliyan 1.5 a Singafo har da na firaministansu na lokacin. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000. Ban kawo waɗannan don in ƙara miki tsoro ba, na kawo ne don masu ba da kwangila su san kuɗin tsaro ba na ado ba ne.

Ke dai kada ki daina shan maganinki saboda jita-jita, wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni a saƙonki. Zuwanki na gaba ki tambayi likitar da ke duba ki kai tsaye, wa da wa ke iya ganin fayil ɗina, kuma ana tura shi wani wuri? Haƙƙinki ne ki sani.

TAMBAYA: Ɗana likita, ni shekarata saba'in da ɗoriya. Da in na je asibiti likita zai dube ni ya taɓa ni ya tambayi iyali. Yanzu tun da na shiga har na fito yaron nan allo yake kallo yana ƙwas-ƙwas da yatsa biyu. Ran nan kuma tun safe har azahar muna zaune wai babu netiwok. Wannan ci gaba ne ko ci baya?
Daga wani dattijo, Zariya

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, na karɓi faɗan a madadin abokan aikina don ni ma ina cikin masu yatsa biyun. Abin da ka gani gaskiya ne kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka an fitar da wani bincike a 2016 inda aka bi likitoci ana lissafa lokacinsu, aka tarar duk awa ɗaya da suka yi da mara lafiya suna yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Yawancin manhajojin nan da lissafin kuɗi aka fara gina su, jinya daga baya aka liƙa, shi ya sa kafin in rubuta maka maganin hawan jini sai na danna wuri goma. Amma wannan ba uzuri ba ne, gaisuwa da kallon fuska da sa hannu a duba mutum ba su buƙatar netiwok, ni abin da na koya wa kaina shi ne in saurara tukuna in gama, sannan in ce Baba bari in rubuta, in ma juyo maka allon ka gani.

Zaman jiran netiwok kuwa laifin masu tsarawa ne. Wanda ya san ƙasar da yake ciki ya san NEPA za ta ɗauke wuta, sabis zai gudu, dizal zai ƙare. Tsarin kirki yana aiki a cikin asibitin ko babu intanet, in sabis ya dawo sai ya tura, da sola da batir a bayansa, da takardun ko-ta-kwana a durowa waɗanda za a cike a shigar daga baya. Asibitin da ke tsayawa cak don sabis ya ɗauke bai shirya ba.

Amma Baba kada mu yi wa takarda kara da yawa. Ka tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa har cikin asibitin koyarwa. Takarda ba ta shiri da ruwa, ba ta shiri da gobara da gara da ɓera, bayanin da aka ajiye kwafinsa a wani gari shi ne ke tsira.

TAMBAYA: Sir ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Me zai hana gwamnati ta sayi manhaja ɗaya kawai ta tilasta wa duk asibitocin ƙasar nan, a wuce wurin?
Daga wani ɗalibi, Bauchi

AMSA: Ƙanena, Ingila ta riga ka wannan tunanin kuma ta ji jiki. A 2002 suka ƙaddamar da wani gagarumin shiri na ɗora asibitocinsu a kan tsari guda daga sama, aka raba kwangila ga manyan kamfanoni, likitoci da nas-nas da za su yi aiki da abin ba a saurare su yadda ya kamata ba, a 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi bayan an narka kuɗin da aka ƙiyasta kusan fam biliyan 10. Ƙasar da ke da wuta awa 24 da hukumar lafiya guda ɗaya ke nan fa. To ina ga mu da jiha 36 da Abuja da ƙananan hukumomi 774, kowa da ikonsa a kan asibitocinsa, ga na kuɗi ga na mishan ga na sojoji. Kuma ranar da ka miƙa wa kamfani ɗaya bayanan ƙasa gaba ɗaya, ranar da kuka saɓa a kan kuɗi shi ke riƙe da makulli.

Ni na fi karkata ga hanyar da Indiya ta bi a 2021, ba su ce kowa ya yi amfani da manhaja ɗaya ba, sun ba mutum lambar lafiya mai lamba 14, sun yi rijistar asibitoci da ta ma'aikata, sun kafa ƙa'idar musayar bayani da izinin mara lafiya, suka ce kowa ya gina tasa amma ta iya magana da sauran. Aikin gwamnati ta shimfiɗa titi ta sa dokar tuƙi, ba ta ce kowa ya hau mota iri ɗaya ba. A nan gida ma a 2024 ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta kafa wani shiri na ƙasa a kan wannan batu na haɗa bayanan lafiya, muna nan mun zuba ido, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Kuma kada ka ɗauka daga sifili za a fara. Akwai manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Nowe ke jagorantar ginawa, Najeriya da Nijar da Gana duk suna amfani da ita, sai dai yawanci ƙididdiga take tarawa, mata nawa suka zo awo a wata, yara nawa aka yi wa rigakafi, ba labarin jinyar mutum ɗaya ba, kada ka haɗa su. Akwai SORMAS da aka ƙirƙira bayan Ebola ta 2014 tsakanin masana na Najeriya da Jamus don bin sawun annoba. Akwai OpenMRS, manhajar ajiye bayanan jinyar marasa lafiya, wadda aka fara a Kenya a 2004, kyauta ce kuma a buɗe take kowa na iya duba cikinta. In da gaske kake, sauke ta a laftof ɗinka ka karanci FHIR, sannan ka nemi izini ka je ɗakin kati na asibiti mafi kusa da kai ka yi sati guda kana kallon yadda ake aiki kafin ka rubuta layi ɗaya.

TAMBAYA: Likita to mu talakawa kafin a gama haɗa kwamfutocin me za mu yi?
Daga wani magidanci, Birnin Kebbi

AMSA: Malam ka sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, kowane mai lalura a gidan da nasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Shafin farko suna yadda yake a katin NIN harafi da harafi kuma shi za a riƙa bayarwa a ko'ina, sai rukunin jini da jinotayif, sai maganin da ya taɓa yi wa mutum illa, wannan a rubuta shi da jan biro, musamman irin su Septrin da fenisilin masu sa ƙuraje ko kumburi ko saɓulewar fata. Sai tiyatar da aka taɓa yi da shekarar, ga mata har da haihuwa ta tiyata da ɓari da jijjiga. Mai sikila a sa likita ya rubuta inda jininsa ke zama in yana lafiya da ranar ƙarin jini na ƙarshe. In an sallame ku daga kwanciya ku roƙi taƙaitaccen bayanin sallama a rubuce, ku ɗauki hotonsa da na duk sakamakon gwaji a waya, hoton ya kama suna da kwanan wata ba lambar kaɗai ba, amma kada a watsa a guruf ɗin dangi na WhatsApp ana neman addu'a da takardar mutum tsirara.

Magunguna kuma a rubuta duka, har wanda aka saya a kemis ba tare da likita ba, har jiƙo da tsimi da garin da aka kawo daga ƙauye. Waɗannan babu kwamfutar da za ta taɓa saninsu in ba ku faɗa ba, kuma sau da yawa in ƙoda ta fara ba da matsala su muke fara tambaya.